MENDI: JIRGIN DA YA KAI SOJAN NIJERIYA YAƘI, YA NUTSE DA MUTUM 646

Da asubahin ranar Laraba, 21 ga watan Fabrairu na shekarar 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, wani jirgin ruwa mai suna Mendi ya nutse a mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa, ya tafi da rayukan mutum 646. Jamusawa ba su harbe shi ba, bai kuma taka nakiya ba. Wani jirgin Ingila ne ɗan'uwansa ya soke shi cikin hazo, sa'an nan ya koma gefe ya tsaya, mutane suna ta ihu cikin ruwan sanyi har muryoyinsu suka ɗauke. Daga cikin waɗanda suka halaka, 607 baƙar fata ne, leburorin soja daga kudancin Afirka.

Duk wanda ya yi makaranta ya ji labarin Titanic, wanda ya nutse a 1912 da mutum wajen 1,500, har an yi masa littattafai da sinima ba iyaka. Mendi kuwa da wuya ka sami mai ambatonsa a ƙasar nan, alhali ya fi Titanic kusa da mu nesa ba kusa ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana zirga-zirga a gaɓar tekunmu, a Ikko aka mai da shi jirgin soja, kuma watanni biyu kacal kafin ya nutse sojan Nijeriya ne ke kwance a ɗakunan da ruwa ya ci waɗancan bayin Allah.

JIRGIN FATAUCI

An ƙera Mendi a birnin Glasgow a shekarar 1905. Tsawonsa ƙafa 370, nauyinsa tan 4,230, watau matsakaici ne a jiragen zamaninsa. Sunan nasa daga na kabilar Mende ta ƙasar Saliyo aka samo shi, gama al'adar masu shi ce su riƙa sa wa jiragensu sunayen garuruwa da kabilun Afirka ta Yamma. Masu shi ɗin su ne kamfanin Elder Dempster na Libaful, wanda a wancan zamani kusan duk abin da zai shigo ƙasar nan ta teku, ko ya fita, sai ya bi ta hannunsa: wasiƙu, da atamfa, da gishiri, da razdan mai komawa hutu, da ɗan mishan, da ɗan kasuwa.

Mutumin Assakio ko Lafiya, wanda babban ruwan da ya sani shi ne Binuwai, zai ga kamar teku ba ta shafi kakanninsa ba. Ta shafe su. A shekarun nan hanyar jirgin ƙasa ba ta iso Lafiya ba tukuna, kogi shi ne babbar hanya. Kuzar da ake haƙowa a tsaunukan Jos, kafin a kai reluwe can, a ka 'yan alaro ke ɗauko ta, su biyo ta Keffi su sauke a Loko. Daga nan ita da riɗin ƙasashen Binuwai sai jiragen Kamfanin Neja su gangara da su ta Lakwaja har Burutu, inda manyan jiragen teku ke jira. Irin su Mendi ne ƙarshen wannan igiya da ta taso tun daga gonakinmu.

Da yaƙi ya ɓarke a 1914 hanyar ta zama ta sai da rai. Cikin watan Maris na 1915 wani jirgin Jamus na ƙarƙashin ruwa ya nutsar da Falaba, shi ma na Elder Dempster, yana kan hanyarsa ta zuwa Afirka ta Yamma, mutum 104 suka mutu. A Nuwamban 1917 haka ta faru ga Apapa wanda ya taso daga Ikko, aka rasa mutum 77. Waɗannan aikin abokan gaba ne, kowa ya san a kan me ya hau.

AN GYARA SHI A IKKO

A farkon 1916 aka gama yaƙin Kamaru, inda sojan Nijeriya suka yi wata goma sha takwas suna fafatawa da Jamusawa a Garwa da Mora da sauran wurare. Ba su daɗe da hutawa ba sai Ingila ta sake bukatarsu. A Afirka ta Gabas, ƙasar da daga baya aka kira Tanganika, wani hafsan Jamus mai suna von Lettow-Vorbeck ya gagari kowa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya karya sojan Turawa da na Indiya da aka tura masa. Sai aka yanke shawara a kawo baƙar fata, a bisa zaton su jikinsu zai jure. Gwamna Lugga ya ba da bataliya huɗu a ƙarƙashin Birgediya Cunliffe, ban da dubban 'yan dako. Rundunar ta tara kabilu da yawa, amma 'yan Arewa ne ƙashin bayanta, Hausa kuwa ita ce harshen bariki.

Gwamnatin Ingila ta yi hayar Mendi don wannan aiki, a Ikko kuma aka yi masa gyara. Gyaran bai wuce wannan ba: rumbuna uku na can ƙasan jirgi, inda a da ake jibge gangunan manja da buhunan ƙwara, aka shimfiɗa musu katakai suka zama makwancin soja. Hafsoshi Turawa suka zauna a ɗakunan fasinja na sama. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan tsari a zuciyarsa, don shi ne daga baya ya raba masu tsira da masu mutuwa. Cikin watan Nuwamba na 1916 Mendi da wasu jiragen suka tashi da sojan, suka kewaye ƙarshen nahiyar ta kudu, suka sauke su a Darussalam cikin Disamba. Da yawa daga cikin samarin nan wannan ne ganinsu na farko da teku.

LEBURORIN KUDU

Da ya sauke namu, sai aka juya da shi Cape Town ya ɗauki wasu. A Faransa sojan Ingila suna bukatar hannuwa masu sauke kaya a tashoshin jiragen ruwa, da sarar itace, da fasa dutse, da gyaran hanya. Gwamnatin Afirka ta Kudu, a ƙarƙashin Firayim Minista Louis Botha, ta yarda ta ba da baƙar fata, amma da sharaɗi: ba za a ba su bindiga ba, ba za su yi cuɗanya da Turawa ba, kuma in sun tashi daga aiki a tsare su cikin shinge. Tsoron Turawan ƙasar a fili yake. Baƙin mutum da ya koyi harbin Bature a Turai, wa zai hana shi gwadawa in ya komo gida?

Duk da haka mutum wajen 21,000 suka tafi. Wasu talauci ya kora su, wasu sarakunansu suka tura su, wasu kuwa, musamman masu ilmin cikinsu, da buri suka shiga. Shekara uku kafin nan, watau a 1913, an kafa dokar da ta taƙaita baƙar fata a kan kashi bakwai cikin ɗari na ƙasar haihuwarsu. Shugabanninsu suka ga in sun taimaki Sarkin Ingila a ranar wuya, watakila ya dube su a ranar rabo.

Sama da mutum 800 suka shiga Mendi cikin watan Janairu na 1917: Xhosa, da Pondo, da Zulu, da Sotho, da Tswana, da Swazi. Akwai 'ya'yan sarauta, akwai malaman makaranta, akwai makiyaya. Jirgin ya biyo ta Ikko, inda aka kafa masa igwa a baya don tsaron kai, ya tsaya Saliyo, ya isa Plymouth ta Ingila lafiya bayan kusan wata guda a ruwa. Abin da ya rage musu tsallaken dare ɗaya ne zuwa Le Havre. Da yammacin 20 ga Fabrairu suka tashi, wani ƙaramin jirgin yaƙi mai suna Brisk yana yi musu rakiya.

DAREN HAZO

Bayan tsakar dare hazo ya sauko. Hazon teku ba irin na hunturunmu ba ne wanda ƙura ke kawowa. Tururi ne mai danshi da ke kwanciya bisa ruwa, har wanda ke tsakiyar jirgi ya kasa ganin goshinsa. A zamanin babu na'urar hango jirgi daga nesa, sai ido da kunne. Saboda haka dokar teku ta ce mai tafiya cikin hazo ya rage gudu, ya riƙa busa jiniya a kai a kai. Kyaftin Henry Yardley na Mendi ya yi duka biyun.

A daidai lokacin wani jirgi mai suna Darro ya baro Faransa, zai tafi Ajantina ɗaukar nama. Nauyinsa tan 11,484, kusan ninki uku na Mendi, kuma a ma'aikatar da aka ƙera Titanic a Belfast aka ƙera shi. Kyaftin ɗinsa, Henry Stump, ya sake masa linzami yana cikakken gudu, ba ya busa jiniya. Ana saura 'yan mintoci ƙarfe biyar na asuba ta cika, kimanin mil goma sha ɗaya kudu da tsibirin Wight, Darro ya faso hazo ya luma goshinsa a gefen dama na Mendi, daidai tsakanin rumbu na ɗaya da na biyu, inda mutane ke barci.

Da yawa nan take suka mutu, wasu ƙarfe ya danne su, wasu ruwa ya rufe su kafin su kai ga matakala. Waɗanda suka fito sama suka jeru a wuraren da aka koya musu, gama tun daga Cape Town ana yi musu atisayen haka. Kwale-kwalen ceto bakwai ne a jirgin, duka ba za su ɗauki mutum 300 ba. Ragowar jama'a an tanadar musu katakai masu yawo bisa ruwa da rigunan da ke hana nutsewa. A takarda lissafin ya cika. Amma jirgin ya karkace tun da wuri, wasu kwale-kwalen suka ƙi saukuwa, wani ya kife da mutane. Cikin minti ashirin zuwa ashirin da biyar Mendi ya shige ƙarƙashin ruwa.

Mutanen Afirka ta Kudu suna da labarin da suke bayarwa game da waɗannan mintoci. Cikin leburorin akwai wani dattijo limamin Kirista, Isaac Wauchope Dyobha, mai shekara sittin da 'yan kai, tsohon ɗalibin makarantar Lovedale, wanda ya shiga rundunar a matsayin tafinta. An ce ya ɗaga murya ya kwantar wa jama'a hankali, ya tuna musu su 'yan'uwan juna ne ko da harsunansu sun bambanta, sa'an nan suka tuɓe takalma suka yi rawar mutuwa bisa jirgin yana nutsewa. Wannan magana ta baka ce, babu ita a takardun kotun bincike, masana tarihi kuma suna jayayya a kanta. Amma al'ummar da aka hana wa 'ya'yanta bindiga, ba abin mamaki ba ne ta riƙe labarin da ya mayar musu da mazakutarsu.

Yawancin waɗanda suka faɗa ruwa ba nutsewa suka yi ba, tun da rigunan sun riƙe su a sama. Sanyi ne ya kashe su. Ruwan tekun Ingila a watan Fabrairu yana sandarar da hannun mutum cikin 'yan mintoci, ya kasa riƙe igiya, daga nan barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Wanda aka tsamo cikin sa'a ɗaya yana da rabon rayuwa. Abin da ake bukata kawai shi ne kwale-kwale da masu tuƙi, ga su kuwa jere a jikin Darro.

KYAFTIN STUMP

Darro bai nutse ba, raunin da ya samu a goshi bai kai can ba. Ya ja baya ya tsaya a kusa har wajen sa'a huɗu. Cikin wannan lokaci Stump bai saukar da ko kwale-kwale ɗaya ba, bai kuma nemi sanin sunan jirgin da ya soka ba. Waɗanda suka tuƙo kansu har jikin jirginsa an ɗauke su, amma bai aika a nemo kowa ba. Matuƙan Brisk ne suka yi ta shawagi cikin duhu suna tsamo mutane har ƙarfinsu ya ƙare, wani jirgin kaya mai suna Sandsend kuma ya tsinci wasu 23. Jimlar waɗanda suka tsira 267, har da Kyaftin Yardley wanda bai bar jirginsa ba sai da ruwa ya ɗauke shi.

Kotun bincike ta zauna a Landan cikin watannin Yuli da Agusta na 1917. Ta wanke Yardley. Ta sami Stump da laifin gudu cikin hazo, da ƙin busa jiniya, da ƙin kai ɗauki, ta ce wannan na ƙarshen ba shi da wani uzuri. Hukuncin da ta yanke masa shi ne dakatar da takardarsa ta kyaftin na wata goma sha biyu. In an raba, kowane rai bai kai kwana ɗaya ba.

Masu neman kare shi sun ce tsoron jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa ne ya sa shi gudu da yin shiru, gama a farkon watan nan ne Jamus ta shelanta za ta harbi kowane jirgi ba gargaɗi. Wannan zai iya zama dalilin gudun. Ba zai zama dalilin tsayawa sa'a huɗu ba, don jirgin da ke tsaye ya fi mai tafiya sauƙin harbi. Mutumin da ya yarda ya tsaya, me ya hana shi sakin kwale-kwale? Wasu sun ce ruɗewa ya yi, wasu sun ce launin fatar masu ihun ne. Ko wanne ne, bayan wa'adin ya koma bakin aikinsa. Wani abin lura kuma, kamfanonin jiragen biyu duk a ƙarƙashin rukunin attajiri ɗaya suke, Sir Owen Philipps.

SAKAYYAR DA AKA YI MUSU

Sai ran 9 ga watan Maris Botha ya sanar da majalisar dokoki a Cape Town. 'Yan majalisar, waɗanda duk Turawa ne, suka miƙe tsaye don girmama mamatan, abin da ba su saba yi wa baƙar fata ba. Aka umarci mahukuntan gundumomi su tara sarakuna su yi musu ta'aziyya. Girmamawar iyakarta ke nan. Da yaƙi ya ƙare Ingila ta buga lambar yabo ga duk wanda ya yi mata hidima, amma gwamnatin Afirka ta Kudu ta hana a ba baƙaƙen leburorinta, rayayyu da matattu. Turawan da suka shugabance su sun samu. Abokan aikinsu 'yan Basutoland da Bechuanaland da Swaziland, da yake su a hannun Ingila suke kai tsaye, su ma sun samu. Dokar ƙasa ta 1913 kuwa ko wasali ba a canja mata ba.

Abin da hukuma ta ƙi, sai jama'a suka ɗauka. Babban mawaƙin Xhosa, S.E.K. Mqhayi, ya yi wa jirgin waƙa. Aka riƙa taruwa kowace shekara a watan Fabrairu a unguwannin baƙar fata, a yi addu'a a kuma yi maganar 'yanci. A 1936 aka kafa asusun tallafa wa ɗalibai da sunan Mendi. Gwamnatin wariyar launin fata da ta hau a 1948 ba ta so waɗannan taruka ba, amma ba ta iya kashe su ba.

A Ingila an rubuta sunayen mamatan a bangon tunawa na Hollybrook da ke Southampton, wanda aka gina don sojan da teku ta zama kabarinsu. A bangon nan har ila yau akwai sunan Lord Kitchener, wanda ya ci Omdurman ta Sudan a 1898, ya kuma nutse a 1916. Ruwa bai tambayi muƙami ba, maginan bangon ma haka. 'Yan gawarwakin da igiyar ruwa ta kai gaɓa an binne su a Portsmouth da wasu garuruwan Ingila, wasu a Faransa, wasu har Holan.

Bayan faɗuwar mulkin wariya sunan ya fito sarari. A Maris na 1995 Sarauniya Elizabeth da Shugaba Nelson Mandela suka buɗe wurin tunawa da su a maƙabartar Avalon ta Soweto. Rundunar ruwan ƙasar ta sa wa wani jirgin yaƙinta Mendi, wani kuma Isaac Dyobha. Lambar jarumtaka da shugaban ƙasa ke bayarwa sunan Mendi take ɗauke da shi, 21 ga Fabrairu kuma ita ce ranar sojojin ƙasar.

NAMU DA YA SAUKE A DARUSSALAM

A daren da Mendi ya nutse, sojan Nijeriya da ya kai gabas suna cikin wani bala'in nasu. An tura su kwarin kogin Rufiji, damina ta sauko da ƙarfin da ya shafe hanyoyi, abinci ya yanke. Watanni suka yi a kan ragaggen awo, suna farautar dorina, suna tonon saiwa, wasu suka ci mai dafi suka mutu. A Oktoban 1917 kuma aka gwabza a Mahiwa, ɗaya daga cikin mafi munin gumurzun yaƙin Afirka ta Gabas, inda rundunar ta yi hasarar mutane da yawa. Sai a farkon 1918 ragowarsu suka komo gida.

Akwai ginshiƙin tunawa da su a Lakwaja, kowace shekara kuma ran 15 ga Janairu ana ajiye furanni don 'yan mazan jiya. Amma 'yan dako, waɗanda cuta da yunwa suka fi ci, akasarinsu ko sunansu ba a rubuta ba. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojan Kwamanwel ta fito da rahoto, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a wannan yaƙi, galibinsu 'yan Afirka, ba a tuna da su da suna ba, ta ce raini da wariya ne suka jawo haka. Ta wannan fuska leburorin Mendi sun fi namu sa'a: takardar shiga jirgi ta adana sunayensu, jikokinsu kuma suka ƙi bari a rufe ta.

Shi kuwa jirgin yana nan kwance a zurfin wajen mita 40. A 1974 wani mai nutso, Martin Woodward, ya tabbatar da cewa shi ne. Masu nutso suka yi shekaru suna kwasar kwanoni da tagoginsa, kafin Ingila ta sa shi ƙarƙashin dokar kare kaburburan soja a 2009. Ƙararrawarsa ma wani ya ɗauke ya ɓoye. A 2017, shekara ɗari cif da haɗarin, wanda ke riƙe da ita ya naɗe ta ya ajiye a bakin teku a garin Swanage, ya buga wa wani ɗan jarida na BBC waya ya je ya ɗauka, bai faɗi sunansa ba.

Ran 28 ga Agusta, 2018, Firayim Ministar Ingila ta lokacin, Theresa May, ta miƙa ƙararrawar ga Shugaba Cyril Ramaphosa a Cape Town. Kashegari ta sauka Abuja ta gana da Shugaba Muhammadu Buhari, daga nan ta wuce Ikko, garin da aka shimfiɗa wa Mendi katakan kwanciya a rumbunansa.